Manhajar bibiyar alamun ciwo a gida: wa zai amsa idan ta yi ƙara?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Na gama karatun kimiyyar kwamfuta, ina zaune a Ɗorayi. Mahaifiyarmu tana fama da hawan jini, kuma ba ma sanin ya hau sai jiki ya rikice. Ina so in haɗa manhajar waya wadda mutum zai riƙa shigar da abin da yake ji a jikinsa kullum, ita kuma ta faɗa masa ciwon da ke damunsa da maganin da ya dace. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, kai kuma ya yi maka albarka da wannan niyya. Fannina kiwon lafiyar al'umma ne, kuma na yi aiki da matasa masu rubuta manhaja a nan Kano, don haka zan faɗa maka abin da na sani ba kwana-kwana.

Tunaninka kashi biyu ne. Na farko, wato mutum ya riƙa ajiye bayanin jikinsa a gida, ka riƙe shi da kyau, muna buƙatarsa. Na biyu, wato manhaja ta faɗi ciwo ta kuma zaɓi magani, ina roƙonka ka ajiye shi gefe. Ɗauki zazzaɓi da ciwon kai kawai. A garin nan suna iya zama maleriya, ko taifot, ko mura mai zafi, ko sanƙarau idan lokacin zafi ne. Daga ƙarshen 2022 zuwa 2023, da mashaƙo ya ɓarke har Kano ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, yaro mai zazzaɓi da ciwon maƙogwaro a ranar farko da wuya uwa ta bambanta shi da mai mura. Mu da muke ganin mara lafiya ido da ido, muna taɓa shi, sai mun sa an ɗebi jini kafin mu ce maleriya ce, domin ƙa'idar ita ce gwaji kafin magani. Manhajar da za ta yanke hukunci daga tambaya biyar, abin da za ta jawo shi ne mutum ya tsaya a kemis ya sayi abin da ta ambata, ya koma gida ya kwanta yana jiran sauƙi, kwana uku su wuce. Waɗannan kwana ukun su ne suke cinye mana mutane. Aikin da manhajarka za ta iya, ta kuma yi shi da kyau, shi ne ta rage tazarar da ke tsakanin lokacin da alamar haɗari ta bayyana a ɗaki da lokacin da ma'aikacin lafiya ya ɗora hannu a kan mara lafiya.

An gwada irin wannan a wasu wurare, kuma sakamakon ya kamata ka san shi kafin ka rubuta layi ɗaya. A Amurka, wani babban bincike da aka wallafa a 2010 ya ɗauki mutum 1,653 masu ciwon gazawar zuciya da aka sallama daga asibiti. Rabinsu an ce kullum su buga waya, na'ura ta yi musu tambayoyi kan nauyinsu da numfashinsu. Bayan wata shida, babu bambanci tsakaninsu da sauran a yawan mutuwa ko komawa gado. Kashi 14 cikin 100 ba su taɓa buga wayar ba ko sau ɗaya, kuma zuwa makon ƙarshe kashi 55 ne kaɗai suke bugawa aƙalla sau uku a mako. Mutanen da ba su da matsalar wuta ko kuɗin kira ke nan fa. Wani binciken kuma, a wani asibitin ciwon daji da ke birnin New York, an bibiyi mutum 766 da ake yi wa maganin ciwon daji. Wasu suna shigar da alamomi 12 ta intanet, idan abu ya tsananta saƙo ya tafi kai tsaye wurin nas, ita kuma ta kira ta ɗauki mataki. Sakamakon da aka fitar a 2017 ya nuna matsakaicin tsawon rayuwarsu ya kai wata 31, na sauran kuwa wata 26. Cututtukan ba iri ɗaya ba ne, kada a haɗa su a sikeli guda, amma darasi biyu sun fito fili: mutane suna gajiya da amsa tambaya kullum, kuma amfanin yana zuwa ne ta hannun ɗan Adam da ya ga saƙon ya motsa.

Mu ma muna da misali a gida. Lokacin yaƙi da shan inna an yi amfani da wata manhaja mai suna AVADAR a wasu jihohin Arewa. Duk mako ɗan gajeren bidiyo zai buɗe a wayar ungozoma ko mai maganin gargajiya ko mai unguwa, a tambaye shi abu ɗaya: ka ga yaron da ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya? Idan ya ce e, jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma zai je ya duba. Tambaya guda, da mutum guda da aka ɗora wa alhakin zuwa. Irin wannan sa ido yana cikin abin da ya kai ga ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a watan Agustan 2020.

Saboda haka wurin da za ka fara ba kwamfuta ba ne. Ka tashi ka je asibitin da Hajiya take karɓar magani, ko wata cibiyar lafiya ta matakin farko a Gwale ko Kumbotso, ka nemi ganin mai kula da wurin. Ka tambaye shi: idan awon mutum ya nuna haɗari ƙarfe tara na dare, wa zai gani? Cikin minti nawa zai kira? Da katin wa zai yi kiran? Idan ya ce a taho, ina za a nufa, Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano ko na Nassarawa, kuma wa ya san ana tafe? Ranar Asabar da Lahadi fa, da ranar salla? Idan ba ka sami amsar waɗannan ba, kada ka sa wa manhajarka maɓallin da ke cewa an sanar da likita. Na ga wani aiki da aka yi haka, saƙonni suna taruwa a wani shafi da ba wanda aka ba aikin buɗe shi, iyalai kuma suna zaune a gida hankali kwance suna jiran kira. Mutumin da da ya tafi asibiti da kansa, manhaja ta zaunar da shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Idan ba mai amsawa da dare, manhajar ta faɗa ƙarara: ba wanda yake duba saƙo yanzu, ku tafi sashen gaggawa.

Sannan ka zaɓi ciwo ɗaya. Manhajar kowane ciwo ba ta yi wa kowa aiki. Tunda hawan jini ne ya kawo ka, ka tsaya a kansa, kuma zaɓi ne mai kyau, domin yana da adadi da ake iya aunawa a ɗaki, yana da iyakoki da likitoci suka yarda da su, maganinsa ma sananne ne. Tun 2020 Kano da Ogun suke cikin jihohin da aka fara shirin shawo kan hawan jini a cibiyoyin lafiya na matakin farko, da tsarin magani mataki-mataki wanda yake farawa da amlodipine. Ka nemi wannan tsarin, ka gina manhajarka ta yi tafiya da shi.

Amma akwai wani abu game da hawan jini da zai sauya maka fasalin aikin gaba ɗaya: yawancin lokaci ba shi da alama. Mutum zai ce "jinina ya hau, kaina na sara", a gwada a ga lafiya lau. Wani kuma yana ta harkarsa a Kantin Kwari, ba ya jin komai, awonsa 190. Idan manhajarka ta dogara da abin da mutum yake ji kaɗai, za ta koya masa mummunar ɗabi'ar da muke fama da ita, ta shan magani sai ran da aka ji ba daɗi. Dole a gidan a sami na'urar awo. Ta damtse, ba ta wuyan hannu ba, kuma wadda aka tantance ingancinta. Abin ɗaurawar ya dace da kaurin hannu, domin ƙarami a babban damtse yana ƙara adadi, a yi ta ƙara wa baiwar Allah magani ba gaira ba dalili. Ranar asibiti a tafi da na'urar a gwada ta kusa da ta nas.

Yadda ake awon ma aikin manhajar ne ta koyar, da murya da hoto, kowane lokaci har ya zauna. A zauna a kujera minti biyar tukuna, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur ko matashi daidai ƙirji. Yawancin iyayenmu a tabarma ko bakin gado suke zama, hannu a rataye, to ka sa hoton da ya nuna yadda za a yi da abin da ke ɗakin. Ba magana lokacin awo, ko da amsa sallama ce a ɗan jinkirta. Rabin awa kafin nan ba goro, ba kofi, ba taba, kuma a fara kewayawa idan ana jin fitsari. A auna sau biyu, minti ɗaya tsakani, da safe kafin shan magani da kuma yamma. Ba kullum har abada ba. Kwana bakwai a jere kafin ranar ganin likita ko bayan an sauya magani, a yar da na ranar farko a ɗauki matsakaicin sauran. Idan jini ya daidaita, sau ɗaya ko biyu a mako ya wadatar. A asibiti 140/90 ne iyaka, a gida kuwa matsakaicin 135/85 ne, domin mutum ya fi natsuwa a ɗakinsa. Tunatarwa kuma ka ɗaura ta da salla, bayan asuba da bayan magariba, kada ka ce ƙarfe takwas. Da azumi ya zo manhajar ta san lokutan shan magani sun koma sahur da buɗa-baki, ta kuma tunatar a ga likita tun cikin Sha'aban.

Yanzu tambayoyin. Nan ne na fi son ka daɗe. Kada ka taɓa tambayar Bahaushe "ya jiki?" kana jiran bayani. Amsar "da sauƙi, alhamdulillahi" ce, ko da numfashi yake ja da ƙyar, kuma ba ƙarya yake yi ba, tarbiyya ce da tawakkali. Haka nan ma'aunin nan na "zaɓi daga 1 zuwa 10" ba ya aiki a wurin tsohuwar da ta haihu tara ba ta yi kuka ba. Ka tambayi abin da ake yi da abin da ake gani. Yau kin yi salla a tsaye ko a zaune? Kin iya zuwa banɗaki ba tare da kin tsaya hutawa ba? Daren jiya a kwance kika yi barci ko sai da kika jingina? Takalminki yana shiga? Amsar kowace e ce ko a'a, kuma wanda yake jinya zai iya tabbatarwa. Kada ka tambayi sunan ciwo, domin abin da mutum uku za su kira shawara ko basir ko sanyi, abubuwa uku ne daban a wurin likita.

Batun magani kuwa, yadda ka yi tambayar shi zai sa a gaya maka gaskiya. "Kin sha maganinki?" kowa zai ce e. Ka ce: "A makon nan kwana nawa maganin bai samu shiga ba?" sannan ka ba da dalilai a zaɓa: ya ƙare, ba kuɗi, na manta, yana damuna, na ji sauƙi. Kowane dalili da matakinsa. Wadda ta ce yana damunta, wataƙila amlodipine ne ya kumbura mata ƙafa, ko lisinopril ya sa mata busasshen tari, abubuwan da likita zai gyara cikin minti biyu idan ya sani, amma ita sai ta daina sha ta yi shiru. Ka tambaya ko ana shan maganin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, domin suna ɗaga jini suna kuma wahalar da ƙoda, ga shi ana sayensu kamar alewa. Ka tambayi na gargajiya ma, cikin ladabi, ba da sigar tuhuma ba. Duk wannan kada ya wuce minti ɗaya da rabi. Duk tambayar da amsarta ba za ta sauya matakin da za a ɗauka ba, cire ta.

Abin da manhajar za ta mayar wa mutum mataki uku ne kawai, kuma ba kai za ka yanke iyakokinsu ba. Likitan da kuke aiki tare ya rubuta su, ya sa hannu, ka ajiye takardar. Na farko, ci gaba da magani, ga ranar awo na gaba. Na biyu, a ga ma'aikacin lafiya cikin kwana ɗaya zuwa uku: matsakaicin mako ya haura iyaka, ko magani ya ƙare, ko jini ya sauka ƙasa da 90/60 ana jin jiri. Na uku, wato jan saƙo, a tafi asibiti yanzu. Idan awo ya kai 180/120, a huta minti biyar a sake, idan yana nan a nemi ma'aikaci a ranar. Idan kuwa akwai karkacewar baki, ko hannu ko ƙafa ta saki, ko magana ta sarƙe, ko gani ya dushe, ko ciwon ƙirji, ko numfashi ya gagara, ko ruɗewa, to ko nawa na'ura ta nuna, ba a jiran kowa. Ka lura da wannan: alamar shanyewar ɓarin jiki tana gaba da adadi. Kada manhajar ta ce sai an shigar da awo kafin ta nuna jan saƙo.

Jan saƙon ya zama gajere, ya faɗi abin yi. A nemi adaidaita sahu ko motar maƙwabci yanzu, a ɗauki katin asibiti da ledar magunguna, a riƙe lokacin da abin ya fara, kada a ɗura masa ruwa ko magani a baki domin yana iya shaƙewa, a yi addu'a a hanya. Wannan saƙon dole ya fito ko babu data, ko babu sabis, wato ƙa'idojin suna cikin wayar, ba a wata uwar garke a Turai ba. Kuma kalmar "lafiyarki ƙalau" kada ta fito daga bakin manhajarka har abada. Abin da ta sani shi ne amsoshin yau ba su nuna haɗari ba, kuma idan abu ya sauya a nemi taimako.

Shiru ma saƙo ne. Wanda ya saba turowa ya ɗauke ƙafa sau biyu a jere, sunansa ya hau jerin waɗanda za a kira. Sau da yawa caji ne ko tafiya, amma a cikinsu ne ake samun wanda ya kwanta.

Ta wace hanya bayanin zai zo? Ka leƙa kasuwar waya ta Farm Centre ka ga wayoyin da aka fi saya, sannan ka duba wadda take hannun Hajiya da ƙawayenta. Da yawansu ƙaramar waya ce mai madannai. Masu babbar wayar ma, Tecno ce ko Itel da ta cika maƙil da bidiyon biki, manhaja mai nauyi ita ake fara gogewa. Don haka ka yi tunanin ƙofofi da yawa zuwa rumbun bayani ɗaya. USSD, irin wanda ake tura kuɗi da shi, yana aiki a kowace waya ba data, amma shafinsa bai kai baƙi 200 ba, yana yankewa idan aka yi jinkiri, kuma sai ka bi ta kamfanonin da ke da lasisin Hukumar Sadarwa kafin ka sami lamba. Ka tsara shi yadda idan ya yanke mutum zai ci gaba daga inda ya tsaya. Saƙon tes yana ɗaukar baƙi 160, amma da zarar ka sa ƙ ko ɗ ko ɓ guda ɗaya sai ya koma 70, kuɗinka ya ninka, wasu ƙananan wayoyin ma akwati za su nuna a wurin harafin. Ga wanda bai yi boko ba, kuma iyayenmu da yawa allo da ajami suka yi, murya ta fi komai. Mutum ya yi filashin, na'ura ta kira shi, murya ta yi tambaya da Hausar Kano, ya danna 1 ko 2. Ka ɗauki muryar mace mai natsuwa, ta yi sallama, ta yi magana a hankali. Ban ba ka shawarar dogaro da na'urar gane magana wajen karɓar adadi ba. Ɗari da sittin da ɗari da tis'in, idan aka ji su a karkace, rai ne a tsakani. A danna da hannu, na'ura ta maimaita, a tabbatar. Kuma ta ƙi karɓar abin da ba zai yiwu ba, kamar na ƙasa ya fi na sama.

Wanda yake riƙe da wayar sau da yawa ba shi ne mara lafiyar ba. Jika ce, ko ɗa irinka, ko matar ɗa. Ka ba waya ɗaya damar ɗaukar mutum uku ko huɗu, kowa da sunansa da hotonsa, don kada awon Baba ya shiga na Hajiya. Ga matar aure, jan saƙo ya isa ga wanda izinin fita da kuɗin mota suke hannunsa, amma da yardarta, ita za ta zaɓi wanda za a sanar.

Wannan ya kawo mu ga sirri. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin bayanai masu tsananin muhimmanci, akwai hukumar da ke kula da ita, kuma idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta cutar da masu su, awa 72 gare ka ka sanar da hukumar. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ma ta wajabta rufe sirrin mara lafiya. Amma tun kafin doka, ka tuna gidajenmu. Waya tana yawo daga hannu zuwa hannu, tana kwana a shagon mai caji. Saƙon da zai faɗo a fuskar waya kada ya ambaci ciwo, ya ce "lokacin awo ya yi" kawai. Neman yarda a yi shi da murya da Hausa: ga abin da za mu ajiye, ga wanda zai gani, ga yadda za ki ce a goge. Kada ka karɓi abin da ba ka buƙata, lambar ɗan ƙasa ba ruwanka da ita. Kada ka tara marasa lafiya a zauren WhatsApp ɗaya kowa yana ganin lambar kowa. Ranar da mai sayar da magani ya zo yana son jerin sunayen masu hawan jini na unguwa don talla, amsar a'a ce komai kuɗin.

Ɓangaren nas kuma, kada ka cika mata fuska da zane-zane. Tana da layi a ƙofa. Jeri ɗaya take so, mafi haɗari a sama, lambar waya a gefe, da wurin danna "na kira", "bai ɗauka ba", "na ce ya zo". Idan jan saƙo ya yi minti goma sha biyar ba a taɓa shi ba, ya wuce wurin mutum na biyu. Ka kiyayi yawan ƙara. Idan rabin saƙonnin da ke tashinta ba komai ba ne, cikin wata guda za ta daina dubawa, kuma ba laifinta ba ne. Likita kuma shafi guda yake buƙata ranar asibiti: matsakaicin awo, kwanakin da magani bai shiga ba, da ƙorafi. Ka ajiye bayanan a tsarin da za a iya fitar da su gobe, domin rahoton cibiyoyin gwamnati ta manhajar tattara bayanan lafiya mai suna DHIS2 yake tafiya.

Idan wannan ya tsaya da ƙafarsa, masu juna biyu ne mataki na gaba da zan so ka duba, saboda na'urar ɗaya ce. Sai dai iyakokin sun bambanta: 140/90 bayan mako 20 magana ce ta ganin ma'aikaci a ranar, 160/110 ko ciwon kai mai tsanani ko dishi-dishin gani ko ciwo a saman ciki gaggawa ce, domin jijjiga ke biyo baya. Mai jego da take haki ko kumburi ma haka, don ciwon zuciya na bayan haihuwa ya yi yawa a yankinmu fiye da yawancin duniya. Na yara aiki ne daban mai ƙa'idojinsa. Idan wani ya ba ka shawarar ƙara na'urar nan ta yatsa mai auna iskar jini, ka sani wani bincike na 2020 ya nuna ta fi kuskuren ɓoye ƙarancin iska a baƙar fata kusan ninki uku, baƙin lalle da sanyin yatsa ma suna rikita ta. Mai haki a tafi da shi ko me ta nuna.

Kafin ka gina komai, ka gwada tsarin ba manhaja. Nas ɗaya, littafi ɗaya, gidaje kamar ashirin, wata ɗaya ko biyu. Kai ka riƙa kira kana karanta tambayoyin yadda na'ura za ta karanta, kana rubuta inda aka ce "me ka ce?" Daga nan ka koma manhajojin tattara bayanai ta waya da ake da su, irin su KoboToolbox ko CommCare ko RapidPro, kafin ka rubuta naka. Da yake da mutane za ka yi gwajin, ka nemi amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, akwai a Ma'aikatar Lafiya ta jiha, akwai a asibitin koyarwa. Abin da za ka ƙirga ba yawan waɗanda suka sauke manhaja ba ne. Ka ƙirga mutum nawa suke turowa har wata na uku, minti nawa tsakanin jan saƙo da kira, nawa cikin waɗanda aka ce su zo suka iso, da nawa jininsu ya sauko ƙasa da iyaka bayan wata shida. Duk wanda aka kwantar ko ya rasu cikin masu amfani da ita, ku zauna da likita ku bi bayanansa baya ku ga ko manhajar ta yi shiru inda ya kamata ta yi magana.

Ka yi lissafin kuɗi tun yanzu, kuma ka sa abubuwan da ake mantawa: batirin na'ura, kuɗin kiran da na'ura za ta mayar, katin nas da ladan lokacinta. Waɗannan ba sa ƙarewa, kowane wata suna nan, ko tallafi ya zo ko bai zo ba. Ka rubuta tun ranar farko abin da za a yi idan kuɗin ya yanke: a kira kowane gida a gaya musu daga rana kaza ba mai duba saƙo, a ba su bayanansu a takarda, a haɗa su da cibiyar da za su ci gaba da zuwa, sannan a kashe lambar.